Yadda ake gane ma'anar hawan ruhi da sauran kalmomin ruhaniyar zamani

Mutumin da ya fara karanta littattafan ruhaniyar zamani, ko ya fara sauraron masu koyar da ita a intanet, ba zai daɗe ba zai ci karo da wasu kalmomi da ke yawo a bakin kowa: hawan ruhi, farkawa, ɗaga kaɗawa, mataki na biyar, cakra, markaba, taskar akasha da jagororin da suka hau. Masu furta su kan yi magana kamar ma'anarsu a fili take, alhali kuwa idan aka tsananta tambaya sai a tarar ko malamai biyu da ke koyarwa a zaure ɗaya ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mafi yawan kalmomin aro ne daga tsofaffin addinai, kuma sunan kawai aka aro aka bar ma'anar a gida, tamkar kwalbar da aka juye maganin cikinta aka zuba wani daban, amma takardar da ke manne a jikinta ba ta canja ba. Saboda haka mai neman fahimta, ko Musulmi ne ko Kirista ko mai bincike kawai, aikinsa na farko shi ne ya daina dogara da daɗin kalmar a kunne, ya binciki abin da aka zuba a cikinta.

Lamarin kuwa ya wuce na 'yan tsiraru. Wani bincike da cibiyar Pew, mai auna ra'ayin jama'a a Amurka, ta wallafa a 2018 ya nuna cewa kusan mutum shida cikin goma na manyan Amurkawa sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin aƙidun da ake dangantawa da tafiyar Sabon Zamani, wato sunan da aka fi kiran wannan ruhaniya da shi, kamar sake dawowar rai a wani jiki, ko tasirin taurari a rayuwar mutum, ko kasancewar ƙarfin ruhi a cikin duwatsu da itatuwa, kuma da yawansu masu zuwa coci ne.

Ka fara da sanin inda koyarwar ta taso

Hawan ruhi a ma'anarsa ta yau bai wuce kimanin shekara 150 a duniya ba, duk da cewa masu koyar da shi kan ce ilmi ne na tun fil azal. Tushensa na komawa ga Ƙungiyar Tiyosofi, wadda Helena Blavatsky, 'yar asalin Rasha, da Henry Steel Olcott da wasu suka kafa a birnin New York a 1875, kafin su mayar da hedkwatarta Adyar da ke kudancin Indiya a 1882. Blavatsky ta ce tana samun saƙonni daga wasu manyan masana na ɓoye da ke zaune a yankin tsaunukan Himalaya, ta kuma haɗa guntayen falsafar Hindu da ta Buda da sirrukan Turai da ra'ayin ci gaban halitta da ke tashe a ƙarni na 19, ta fitar da koyarwar cewa rai yana ta hawa daraja daga rayuwa zuwa rayuwa har ya kammala. Ya kamata a lura cewa a wajenta waɗannan jagorori mutane ne masu rai da jiki, ba a ce sun hau ko'ina ba.

Wanda ya fi kowa yaɗa batun hawan shi ne Guy Ballard, wani Ba'amurke mai aikin haƙar ma'adinai, wanda ya ce a 1930 ya haɗu da Saint Germain a kan Dutsen Shasta na jihar Kalifoniya. Saint Germain na tarihi wani bafade ne da ya yi yawo a fadojin Turai ya kuma mutu a 1784, amma Ballard ya ce bai mutu ba, ya tsarkake jikinsa ne ya zama haske. Daga nan shi da matarsa Edna suka kafa ƙungiyar "I AM", wato "Ni Ne", suna koyar da cewa kowane mutum yana da ɓangaren allahntaka a cikinsa, kuma idan ya dage da wasu kalmomin umarni da ake maimaitawa da ƙarfi zai iya hawa ba tare da ya ɗanɗani mutuwa ba. Da Ballard ya rasu a Disamban 1939, sai aka gyara bayanin ya zama mutum na iya hawa ko bayan jikinsa ya mutu. Wannan gyara yana da amfani ga mai nazari, domin yana nuna yadda ma'anar kalmar ke sauyawa duk lokacin da abin da aka yi alkawari ya ƙi faruwa. Daga baya Mark Prophet ya kafa Summit Lighthouse a 1958 a kan wannan turba, matarsa Elizabeth Clare Prophet ta ci gaba da ita, har zuwa shekarun 1980 da 1990 lokacin da kalmar ta fita daga hannun ƙungiyoyi ta shiga kasuwar littattafai da tarukan bita, sannan intanet ta ɗauke ta.

Idan ka san wannan silsila, za ka gane dalilin da ya sa a jerin "jagororin da suka hau" ake haɗa Yesu da Buda da Saint Germain da mala'iku a layi ɗaya, abin da babu wani addini daga cikin waɗanda aka aro sunayen da ya yarda da shi.

Tambayoyi uku da za ka yi wa kowace magana ta hawa

Duk inda ka ji an ambaci hawa, ka tambayi wane ne ke hawan, da ikon wa yake hawa, kuma ina ne ƙarshen tafiyar. Amsoshin nan uku sun isa su raba ma'anonin da suka yi kama a baki.

A Musulunci, Isra'i da Mi'iraji mu'ujiza ce ta Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, kuma ayar farko ta Suratul Isra'i ta jingina aikin ga Allah, wanda Ya yi tafiyar dare da bawanSa daga Masallacin Harami zuwa Masallacin Ƙudus. A wannan matsayi mafi girma ma "bawa" aka kira shi, kuma ya dawo cikin mutane da salloli biyar, wato da ƙarin nauyin ibada. Haka abin yake game da Annabi Idrisu a aya ta 57 ta Suratu Maryam da Annabi Isa a aya ta 158 ta Suratun Nisa'i: Allah ne mai ɗaukakawa, ba dabara ba ce da aka koya a aji. A Kiristanci, hawan Yesu zuwa sama, wanda sura ta 1 ta Ayyukan Manzanni ta ce ya faru kwana 40 bayan tashinsa, al'amari ne da ya keɓanta da shi, kuma labarin Iliya da aka ɗauke cikin guguwa a littafin 2 Sarakuna shi ma aikin Ubangiji ne. A 2003 ma fadar Vatican ta fitar da doguwar takarda tana bayyana inda koyarwar Sabon Zamani ta saɓa da imanin Kirista.

A addinin Hindu kuwa abin da ake nema shi ne moksha, kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa, a na Buda kuma nirvana, wato mutuwar wutar kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci. Koyarwar Buda ma ta musanta cewa akwai wani tabbataccen "ni" da ke dawwama, don haka mai cewa Buda ya koyar da haɗuwa da "Kai Maɗaukaki", wato wani "ni" na sama da ake cewa kowa yana da shi, ya ɗora masa maganar da ta saɓa da ginshiƙin koyarwarsa.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne tasawwufi, domin shi ma yana maganar tafiya da matakai. Sufaye suna kiran tafiyar suluki, suna lissafa maƙamai irin su tuba da zuhudu da haƙuri da tawakkali da yarda, kuma malamai irin su Al-Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, sun bambanta maƙami, wanda bawa ke kaiwa ta hanyar mujahada, da hali, wanda ke sauka a zuciya kyauta ba tare da an nema ba. Suna kuma maganar rai mai umarni da mummuna, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa, duka ukun daga Alƙur'ani. To amma a wajen manyan malaman wannan fanni, duk nisan da mai suluki ya yi bawa ne, shari'a ba ta sauka daga kansa, kuma ƙarshen tafiyarsa shi ne ya ƙara sanin ƙanƙantarsa a gaban Mahalicci.

Ruhaniyar zamani tana amsa tambayoyin uku ta wata hanya dabam. Mai hawa shi ne kowa da kowa, har da duniyar kanta. Ikon hawan daga cikin mutum yake fitowa, ta hanyar zaman natsuwa da sarrafa numfashi da gyara tunani. Ƙarshen tafiyar kuma shi ne mutum ya tuna cewa shi kansa ɓangare ne na allahntaka, ko ya koma wani matakin zama da ya fi wannan haske. A ganina wannan amsa ta ƙarshe ita ce zuciyar koyarwar baki ɗaya, kuma mai addinin tauhidi da ya tsallake ta ya tsaya ga atisayen numfashi kawai bai san abin da ake sayar masa ba.

Kalmomin da ke rakiyar hawa

Cakra kalmar Sanskrit ce, tsohon harshen Indiya, mai nufin ƙafar keke ko da'ira, kuma a littattafan tantra na Indiya cibiyoyi ne da mai yoga ke surantawa a jikinsa yayin ibada. Adadinsu bai tsaya wuri ɗaya ba, wasu littattafan sun ce huɗu, wasu biyar, wasu shida ko fiye. Tsarin bakwai da ya mamaye duniya ya bazu ne bayan John Woodroffe, wani alƙali Bature a Kalkata, ya fassara wani littafin Sanskrit na ƙarni na 16 a 1919, sannan Charles Leadbeater na Ƙungiyar Tiyosofi ya ƙara nasa bayanin a 1927. Launukan bakan gizo da ake jera musu daga ja zuwa shunayya sai a shekarun 1970 suka kafu. Kundalini kuma ita ce ƙarfin da ake cewa yana naɗe a gindin ƙashin baya kamar maciji, wanda idan ya farka yake bi ta cikin cakrorin zuwa tsakar ka.

Markaba daga Ibrananci take, ma'anarta karusa, kuma asalinta wahayin kursiyi mai ƙafafu ne da ke sura ta 1 ta littafin Ezekiyel, wanda sufayen Yahudawa na farko suka gina ilmi a kansa. Markabar da ake koyarwa yau, wato tauraro mai kusurwoyi da ake cewa yana juyawa kewaye da jikin mutum don ya ɗauke shi zuwa wani mataki, sabon abu ne da ya yaɗu a shekarun 1990 ta hannun wani marubuci Ba'amurke mai suna Drunvalo Melchizedek.

Taskar akasha tana buƙatar a tsaya a kanta, domin Musulmi da ya ji bayaninta nan take zai tuna da Lauhul Mahfuzi. Akasha a Sanskrit sarari ne, amma 'yan Tiyosofi ne suka mayar da shi wata ma'ajiya da aka rubuta duk abin da ya faru da duk abin da aka yi tunani, sannan Rudolf Steiner, wanda shi ma daga cikin 'yan Tiyosofi ya fito, da Edgar Cayce, wani mai duba Ba'amurke da ya rasu a 1945, suka ƙara yaɗa batun. Bambancin shi ne taskar akasha ana cewa duk wanda ya samu horo zai iya buɗe ta ya karanta wa mai biyan kuɗi rayuwoyinsa na baya, Lauhul Mahfuzi kuwa yana cikin gaibu, kuma aya ta 59 ta Suratul An'am ta ce mabuɗan gaibu a wurin Allah suke, babu wanda ya san su sai Shi.

Sauran ba su da nauyin waɗannan. "Farkawa" ita ce lokacin da mutum ya ji idonsa ya buɗe ga wannan koyarwa. "Ma'aikacin haske" shi ne wanda ya ɗauka an aiko shi don ya taimaki duniya ta hau. "Irin tauraro" shi ne mai ganin ransa daga wata duniya ya zo, ra'ayin da marubuci Brad Steiger ya yaɗa a 1976. "Karɓar saƙo" kuma shi ne mutum ya ce wani ruhi ko wani jagora yana magana ta bakinsa, kuma kusan duk bayanan da ake bayarwa kan hawa ta wannan ƙofa suka shigo, abin da ke nufin babu wata hujja a bayansu sai amincewa da mai maganar.

Ka raba abin da ake imani da shi da abin da ake iya aunawa

Maganar cewa rai yana da makoma bayan mutuwa batu ne na imani, ba na'urar da za ta tabbatar ko ta ƙaryata. Amma da zarar mai koyarwa ya ambaci lamba ko ƙwayar halitta ko maganaɗisun ƙasa, ya shigo filin da ake awo, kuma a nan kana da damar ka bincika.

Misalin da ya fi yawo shi ne kaɗawar Schumann, wadda ake kira bugun zuciyar duniya, ana cewa tana ƙaruwa alamar duniya na hawa. Abin da ke akwai shi ne walƙiya tana haifar da igiyoyin lantarki da ke zagaya sararin da ke tsakanin doron ƙasa da wani ɓangare na sama mai ɗauke da caji, kuma masanin kimiyya Winfried Otto Schumann na Jamus ya lissafa hakan a 1952. Mafi ƙanƙantar kaɗawar tana kusan sau 7.83 a daƙiƙa, dalili kuwa shi ne kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, haske kuma yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka igiyar tana zagaya duniya tsakanin sau bakwai da takwas a kowace daƙiƙa. Lambar tana ɗan motsi kaɗan bisa yanayin rana da dare, amma tun da girman duniya ne ya ƙayyade ta, ba za ta yi tsalle zuwa 40 ba kamar yadda wasu ke yayatawa, sai in duniyar ce ta tsuke. Haka batun cewa ƙwayar DNA ta mutum za ta koma zare 12: tun 1953 aka san zare biyu ne masu naɗe da juna, kuma ba a taɓa samun mutum mai fiye da haka ba saboda zaman natsuwa.

"Mataki na biyar", wanda ake rubutawa 5D, shi ma aro ne daga lissafi, inda awo uku, wato 3D, suke nufin tsawo da faɗi da tsayi, lokaci kuma ake ƙirga shi na huɗu. A bakin masu ruhaniya 3D na nufin rayuwar tsoro da son abin duniya, 5D kuma rayuwar ƙauna da haɗin kai. Idan aka ɗauke shi a matsayin kwatance na halin zuciya ana iya fahimtarsa, haka ma "ɗaga kaɗawa" idan ana nufin mutum ya rage fushi da hassada ya ƙara godiya. Matsalar tana farawa ne idan aka ce kimiyya ta tabbatar da shi.

Ranakun da aka sha sanyawa su ma abin dubawa ne. Marubuci José Argüelles ya tara mutane a wurare daban-daban na duniya a ranakun 16 da 17 ga Agustan 1987 don buɗe sabon zamani. A Maris na 1990 mabiyan Elizabeth Clare Prophet suka shiga ramukan ɓuya a jihar Montana suna jiran yaƙin nukiliya. Sai kuma 21 ga Disamban 2012, ranar da wani dogon zagaye na kalandar mutanen Maya na tsakiyar nahiyar Amurka mai kwana 1,872,000 ya cika, wadda aka ce ita ce ranar hawan duniya, duk da cewa masana tarihin Maya sun yi ta bayanin cewa cikar zagaye ce kawai, har ma akwai rubutun dutse a Palenque, wani tsohon birnin Maya a Meziko, da ya ambaci wata rana a shekarar 4772. Bayan kowace rana ta wuce, bayanin da ake bayarwa shi ne hawan ya faru a ɓoye, waɗanda suka farka ne kawai suka ji shi.

Alamomin hawa da lafiyar jiki

Nan ne kuskuren fahimta ke iya kai mutum asibiti ko kabari. Ana rarraba jerin abubuwan da ake kira alamomin hawa: ciwon kai, ƙara a kunne, bugun zuciya da sauri, jiri, kasala, rashin barci, kuka ba dalili, da jin kamar mutum ba ya cikin jikinsa. Kowane ɗaya daga cikinsu alama ce da likita ya sani, domin hawan jini da ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ciwon damuwa duk suna zuwa da irinsu. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce a fara gwaji a asibiti kafin a nemi fassarar ruhi, kuma kada a ajiye maganin da likita ya rubuta saboda wani ya ce yana toshe cakra. Wanda ya yi kwanaki ba ya barci, yana jin muryoyi, yana ganin an zaɓe shi don ya ceci duniya, yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa cikin gaggawa, ko da shi yana jin daɗin halin da yake ciki. Likitocin ma ba su ce duk wani abin da ya shafi ruhi ciwo ba ne, domin tun 1994 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya ware gurbi na matsalar addini ko ta ruhi wadda ba cuta ba ce, sai dai rarrabewar aikin gwani ne.

Akwai kuma abin da masanin halayyar ɗan Adam John Welwood ya yi wa suna a shekarun 1980, wato fakewa da ruhaniya don a guje wa matsalar da ke gaban mutum. Mai bin wannan hanya yakan ce ya wuce matakin fushi alhali bai nemi gafarar wanda ya zalunta ba, ko ya yanke zumunci da iyayensa da hujjar cewa kaɗawarsu ta yi ƙasa.

Kafin ka shiga wata ƙungiya ko ka biya kuɗin wani darasi, ka nemi a faɗa maka tun farko matakai nawa ne da abin da kowanne zai ci, domin tsarin da kullum ke da wani mataki na gaba mai tsada ba ya ƙarewa. Ka duba ko ana yarda a yi wa jagora tambaya a gaban jama'a, ko ana barin wanda ya fita ya ci gaba da hulɗa da waɗanda suka rage, ko ana zuga mabiya su nisanci danginsu. Kada ka ɗauka hukuma ta tantance maka gaskiyar koyarwar, domin a shari'ar da aka yi wa iyalan Ballard kan zargin damfara ta gidan waya, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1944 cewa ba aikin kotu ba ne ta auna ko aƙidar addini gaskiya ce. Alamar da ta fi kowace haɗari ita ce a fara kiran jiki kurkuku ko abin hawa da za a ajiye, a kuma sanya ranar tafiya. Da irin wannan harshe Marshall Applewhite ya yi wa mabiyan ƙungiyar Heaven's Gate magana, kuma a Maris na 1997 aka tarar da gawarwakin mutum 39 a wani gida kusa da San Diego, bayan sun yarda cewa wani jirgi da ke bin tauraro mai wutsiya na Hale-Bopp zai kwashe su zuwa mataki na gaba. Idan ka ji wani naka ya fara irin wannan magana, kada ka tsaya gardamar aƙida da shi, ka sanar da danginsa na kusa a ranar, a kai shi wurin likita, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a kai shi.